Ƙwaƙwalwar da Aka Shuka da Jinina

Mutum na farko da ya yi mini Hausa a Jamus shi ya tafi da jakata. A tashar jirgin ƙasa ne, ina tsaye gaban allon da ban iya karanta ko kalma ɗaya a kansa ba, sanyi ya shige mini har cikin haƙora, sai na ji an ce, "Malam, sannu da hanya." Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Ya ce shi ɗan zango ne, ya daɗe a ƙasar, ya karɓi ƙaramar jakata don ya rage mini kaya, ya nuna mini inda ake yankar tikiti. Da na juyo, babu shi babu jakar. Kilishin da Inna ta sa aka yi mini, da yaji, da rigar sanyi ɗaya tilo da na saya a gwanjon Tambuwal, duk sun bi shi. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk wanda ya yi mini murmushi a ƙasar nan, sai na binciko abin da yake nema a wurina.

Sunana Lawali, mutumin Fakku ne ni a ƙasar Kebbe, kuma ɗan wanzami. Na shekara bakwai ina aikin lab a wani asibiti a Tambuwal, ina duba jinin masu zazzaɓi, kafin in cika fom ɗin wani tallafin koyon aiki na shekara ɗaya da rabi. Aka ɗauke ni. Abokan aikina suka ce sa'a ce. Ni kuwa tun a cikin jirgi nake tambayar kaina, duk faɗin Nijeriya, me suka gani a jikin ɗan wanzamin Fakku?

Shugabar wurin aikin mace ce 'yar siririya, kowa Farfesa yake ce mata. Tana da yawan murmushi, don haka ban yarda da ita ba. Ranar farko ta buɗe wani akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum, ta fito da faranti mai murfi. A ciki akwai ruwa ja-ja, da wasu 'yan ƙulalai farare suna yawo, kowanne bai kai ƙwayar wake ba.

"Naman ƙwaƙwalwar mutum ne," in ji ta.

Na ja da baya, na nemi tsari a zuciyata. Ta lura, ta yi mini bayani cewa ba kan kowa aka fasa ba. Jini ake ɗiba, a tsince wasu ƙwayoyi, a yi ta yi musu dabara har su manta cewa su na jini ne, su koma yadda suke tun mutum yana gudan jini a cikin uwarsa, lokacin da ƙwaya ɗaya za ta iya zama ido ko hanta ko ƙashi. Suna da dogon suna a Turance, ni dai iri nake ce musu. Daga irin nan ake canza musu abinci mataki-mataki har su dunƙule su zama naman ƙwaƙwalwa. Ta ce ba ya tunani, ba ya jin zafi, amma jijiyoyinsa suna aika wa juna saƙo, kuma da shi suke nazarin farfaɗiya.

Farfaɗiya kuwa na san ta. Na yi ciwon nan ina yaro har na shekara goma sha biyu. Tsaga ukun da ke gefen goshina ba ta gado ba ce, Baba ne ya yi mini da askarsa yana nema mini sauƙi. Ciwon ya sake ni, ya kama ƙanwata Hajaru ya zauna. A gidanmu idan Hajaru tana daka aka ji taɓarya ta yi shiru farat ɗaya, kowa miƙewa yake yi. A Tambuwal babu abokin aikin da ya san wannan. Amma fom ɗin lafiya ya tambaya, an kuma ce mini Turawa suna gano ƙarya, sai na rubuta gaskiya. To ga amsar tambayata ta fara leƙowa.

Mai kula da akwatunan ɗumin wani tsoho ne dogo ƙwarai. Sunansa a bakina ya fi kama da Guntu, na bar shi a Guntu. Ba ya murmushi, gaisuwarsa ɗaga haɓa ce, Turancinsa kuma bai fi Jamusancina ba. Da hannu ya koya mini aikin: yadda ake zuƙe tsohon ruwa a zuba sabo, yadda ake riƙe murfi kada numfashinka ya sauka a ciki. Shi ya nuna mini wani kwando mai ruwan ɗorawa a lungu. Duk abin da ya mutu ko aka gama da shi nan ake jefawa, a turara shi, mota ta zo ta kai inda ake ƙonewa.

Watannin farko na sha wuya. Rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu, la'asar da magariba su taho suna tura juna. Burodi safe, burodi rana, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta ga ina fita da riga biyu a haɗe, ta rataye mini rigar sanyin marigayin mijinta a ƙofa. Kwana uku ban sa ta ba. Sai da na lalube aljihunan, na bi ɗinkin da yatsa ko an cusa wani abu, kafin sanyi ya fi ƙarfin zargina.

A wata na uku Farfesa ta kira ni ofis. Ta ce kusan duk irin da suke da shi na Turawa ne, ba su san ko maganin da ya yi wa Bature aiki zai yi wa mutumin ƙasarmu ba. Ta ce ba dole, amma idan na yarda za su so su ɗebi jinina.

Na ce, "Dama don jinina kuka ɗauko ni?"

Fuskarta ta yi ja. Ta ce waɗanda suka zaɓe ni ba su ga takardar lafiyata ba, ita ma sai da na iso ta gani. Ban yarda ba, har yau ma rabi na yarda. Na tafi da fom ɗin gida na karanta shi sau uku ina neman inda tarkon yake. Abin da ya sa na sa hannu ba maganarta ba ce. Tabon ƙuna ne da ke hannun Hajaru, na ranar da ta faɗi kusa da murhu.

Bayan wata huɗu sai ga su, guda ashirin da huɗu, suna yawo cikin ruwan ja. Ni ke ba su abinci. Ban san sunan abin da nake ji ba idan na leƙa su, ba ƙauna ba ce, ba kuma ƙyama ba. Na sami tsinin allura na yi wa murfin kowane faranti tsaga uku irin ta goshina, don kada a musanya mini. A nan kuma ɗoki ya kwashe ni na yi wautar da ta jawo komai. Na aika wa Hajaru saƙon murya, ina dariya ina cewa, "Yayanki ya zama manomi, muna noman ƙwalwar mutane cikin kwano, har abinci nika ba su."

Hajaru ta kunna wa maƙwabta don su ji yayanta ya ci gaba. Kafin kasuwar Kebbe ta sake ci, labari ya gama gari. Ranar wata Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara. Baba ne, ya hau bayan mashin har inda waya ke kamawa sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"Lawali, mi nika ji? An ce ka shiga 'yan yankan kai. Jiya mutum biyu sunka tashi bisa tabarmata da rabin aski, sun ce ba su aje wuyansu gaban uban mai saida kawuna."

Na rikice, na yi saurin wanke kaina. "Baba, wallahi ba kan kowa ba na. Da jini aka yin shi. Jinina na ma, ni nib ba su."

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Jininka," in ji shi. "Shekara arba'in ina ƙaho, ban taɓa barin jinin mutum bisa ƙasa ba. Baƙon da ban san ubanai ba, sai na gina rami na ruhe jininai kahin in wanke hannu. Sumar da nika askewa, ka taɓa ganin ta ga juji? In sun ƙare da abin ga, ina za su kai shi?"

Kwandon ruwan ɗorawa ya faɗo mini a rai. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce ƙonewa ake yi.

Ya yi salati. "Ko ƙumbar ɗan Adam ba a sa ma wuta. Ji nan, Lawali. Yadda ka bar gidan ga cikakke, haka za ka komo. In ka baro wani abu naka can, to ka zamna can wurinai."

Baba ba ya magana biyu. Ranar Litinin na je wa Farfesa na ce idan an gama ina son a ba ni kayana. Ta saurare ni da kyau, sannan ta ce doka ba ta yarda nama mai rai ya fita daga ginin ba. Ta ƙara wasu maganganu, ni dai abin da kunnena ya ji shi ne sun riƙe.

Abin nan ba shi da hanyar jini, don haka idan ya girma sai cikinsa ya fara mutuwa. Wata safiya na tarar da ɗaya ya yi toka-toka yana marmashewa. Na zuba shi a 'yar kwalba, na je gaban kwandon, na kasa sakin hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Daga ƙarshe na waiga, na tura kwalbar cikin aljihu, laifin da zai iya sa a kore ni a ranar. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Guntu ne. Ya zaro kwalbar, ya dube ni, ya tafi da ita.

Mako guda ina jiran takardar kora, ba ta zo ba. Wani zai ce an rufa masa asiri. Ni cewa na yi tsohon nan ya sami igiyar da zai ja ni da ita, jira kawai yake.

Daga nan lissafina ya fara raguwa. Ashirin da uku, ashirin da ɗaya, sha takwas. Wasu na san inda suka fara zuwa, don Farfesa takan ɗora su a kan wani faifai mai 'yan wayoyi ta nuna mini a allo. Layukan su yi ta tafiya a natse, can sai su tashi gaba ɗaya kamar an watsa wa kaji tsaba, sannan su kwanta. Ranar da na fara gani na gane abin da Inna ta riƙa gani a jikina, na shiga banɗaki na yi kuka. Amma bayan gwajin ina suke zuwa? Na sa safar hannu na tona kwandon ba sau ɗaya ba, babu murfi ko ɗaya mai tsaga uku. A littafin aiki kuwa, gaban kowane wanda ya ɓace, akwai wata kalma da rubutun Guntu. Na bi shi a ɓoye wata rana lokacin cin abinci, ya sauka ƙasan gini, ya buɗe wani ɗaki da makulli, ya fito yana warin magani mai yaji a ido. Na ce shi ke nan, sayarwa yake yi wa masu haɗa magani. Mutanen Fakku ba su yi ƙarya ba da suka ce akwai mai cinikin kawuna a nan, mutumin kawai suka kuskure.

Na haɗiye har wata na goma sha biyar, lokacin da saura biyar. A taron mako, gaban kowa, na miƙe na nuna shi da yatsa. Da Hausa kalmar ta fara fita, ɓarawo, sannan na maimaita ta da Turanci. Guntu ya tashi a hankali, ya ciro makulli, ya ɗaga mini haɓa in biyo shi. Farfesa ta biyo mu.

A ɗakin ƙasa ya jawo wani aljihun tebur. 'Yan ƙananan guntayen kakin kyandir ne a jere, kowanne da ɗigo ɗaya a tsakiyarsa. Goma sha tara. A gefen kowanne an yi tsaga uku da bakin wuƙa, an kwaikwayi tawa. Na farkon yana ɗauke da kwanan watan safiyar da ya riƙe mini hannu.

Ya yi magana da yarensu, Farfesa tana mayar mini. Naman da aka jiƙa da magani aka daskarar cikin kaki ba shi da rai, ba ya ɗauke da cuta, doka ta yarda ya fita idan da takarda. Wata da watanni yana bin takardar nan ofis-ofis. Ita ma ta sa hannu, amma ya roƙe ta ta yi shiru, kada a sa mini rai a zo a hana. Na ce ta tambaye shi don me. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shekara talatin yana jefa sassan mutane a kwandon nan bai taɓa ganin fuskar mai su ba, sai a safiyar nan.

Kunya ta rufe ni. Na yi abin da ake yi a gidanmu idan an yi wa babba laifi, na zube ƙasa na durƙusa. Kafin gwiwata ta gama sauka tsohon ya yi tsalle ya tallabe kaina da hannu biyu, yana kiran Farfesa da ƙarfi. Ya ɗauka ciwon ne ya tashi, yana tare kaina kada ya bugi ƙasa. Haka muka zauna a kan siminti, ina cewa ya yafe mini da Hausa, shi kuma yana duba ƙwayar idona.

Saura magana ɗaya. Irin da aka fara samu daga jinina yana nan a daskare cikin wata tukunyar ƙarfe mai hayaƙin sanyi, kuma daga shi ana iya shuka wasu har bayan raina. Ana saura mako biyu in taho, Farfesa ta ajiye mini takarda. Idan na sa hannu, za a kashe irin a haɗa mini da sauran. Idan na bari, za su ci gaba da gwada magunguna a kansa. Na tambaye ta ko za a samu na Hajaru. Ba ta yi murmushi ba wannan karon. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, yana iya ɗaukar shekaru, yana iya ƙin samuwa sam. Da ta ce tabbas za a samu, da na sa hannu a take, don na san maƙaryaci idan na ji shi. Na bar takardar a kan teburinta babu sa hannu. Abin da na nema kawai a rubuta shi ne duk abin da ya mutu daga jinina, kaki za a sa shi, ba kwando ba.

Daga Tambuwal mashin na hau zuwa Kebbe, daga Kebbe wani zuwa Fakku, 'yar akwatin tana cikin rigata, na ƙi yarda ko ɗan mashin ya riƙe mini. Na tarar da Baba a zaure yana wasa aska. Bai ce in shiga ba. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe akwatin a gabansa, guda ashirin da huɗu, har da biyar ɗin ƙarshe. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Dut ƙwalwar taka ke nan?" in ji shi. "Ashe shi ya sa."

Ya aika aka kira mutum biyun nan da suka gudu da rabin aski, ya nuna musu, ya ce su duba da kyau ko akwai kan wani nasu a ciki. Da suka tafi ya naɗe kakin cikin farin ƙyalle, ya ɗauki fartanya, muka zagaya ta waje zuwa bayan ɗakin Inna, inda aka binne mabiyiyata ranar da aka haife ni. Ta bayan katanga ina jin Hajaru tana daka. Ya gina rami, ya yi bisimilla ya sa ƙyallen, ya fara turo ƙasa. Sai ya tsaya.

"Ka kwaso duka?"

Tun daga jirgi nake shirya ƙarya, na kuma san ba zai taɓa ganewa ba. Na ce, "A'a, Baba. Na baro iri." Na gaya masa komai, da tukunyar sanyi, da takardar da na ƙi sa wa hannu, da cewa ba a yi mini alkawarin komai ba. Bai dube ni ba. Hannunsa yana kan ƙotar fartanya, ni kuma ina tunanin motar da zan bi in koma Tambuwal kafin duhu.

Sai taɓarya ta yi shiru.

Mu duka biyu muka miƙe. Baba ya riga ni kai hannu ga katanga, tsoho mai shekara saba'in yana shirin haurawa. Ban san ko numfashi nawa muka riƙe ba. Can sai muka ji muryarta tana korar akuya, dakan ya ci gaba.

Baba ya sauke hannunsa. Ya koma bakin ramin ya ƙarasa rufe shi, sannan ya auna taki ɗaya a gefensa, ya kife wani fasasshen kasko a wurin.

"Nan wurin irin na," in ji shi. "Ran da sunka ƙare da shi, nan za shi zo. Ka rubuta ma tsohon ga, ka ce wanzamin Fakku na gaishe da ɗan'uwanai."

Ya saɓa fartanya ya yi gaba. Da ya kai bakin zaure ya ga ban biyo shi ba, sai ya juyo.

"Tsayin mi kaka yi? Shiga gida, uwarka na jira."